Nazarin lamari: mai tarin fuka da ya ajiye magani ya kama yunwa a Gadarif

Wannan bayani ne a kan wani dattijo ɗan shekara hamsin da 'yan kai, tela, wanda ya fara shan maganin tarin fuka a Gadarif da ke gabashin Sudan, ya ji sauƙi, sannan ya ajiye maganin fiye da wata biyu saboda wani saƙon murya da ya gamsar da shi cewa yunwa za ta sa jikinsa ya cinye cutar da kansa. Na sakaya sunansa da unguwarsa da cibiyar da muke aiki, kuma sai da ya amince na ɗauki alƙalami. Na ga ya cancanci a rubuta shi dalla-dalla ne don saƙon ba ƙarya ce zalla ba. An ɗora shi a kan bincike na gaske da ya ci lambar Nobel, kuma ma'aikacin lafiyar da bai san inda binciken ya tsaya ba zai sha wuya kafin ya ƙwato majinyacinsa daga hannun irin wannan saƙo.

Baba, kamar yadda muke kiransa, haifaffen Wad Madani ne, kakanninsa kuma daga Mai Wurno suka gangaro. A Disamban 2023, da yaƙi ya iso Madani, ya fito da iyalinsa ya bar keken ɗinkinsa a shago. Suka sauka gidan wan matarsa a Gadarif, mutum fiye da goma a ɗaki biyu da rumfa. Ya daɗe da ciwon sukari, yana shan metformin, amma tun da aka yi hijira maganin ya zama yau akwai gobe babu. Tari ya kama shi bayan yankan riɗi, kowa ya ce ƙura ce. Sai zazzaɓin yamma ya biyo baya, da gumin dare, wando ya fara zamewa daga ƙugu. An duba zazzaɓin cizon sauro babu. Da yake Gadarif ce, ƙasar kala-azar, cutar da ke kumbura saifa, duk mai dogon zazzaɓi da rama sai an taɓa masa saifa an yi masa gwajin jini na rK39 da ke gano ta. Saifar ba ta kumbura ba, gwajin ma bai nuna komai ba. Kakinsa ne ya fallasa abin: na'urar GeneXpert ta ga ƙwayar tarin fuka, kuma ba ta ga alamar ƙwayar na bijire wa rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan cutar, ba. Gwajin HIV ya fito lafiya. Nauyinsa kilo 51, ga shi dogon mutum.

Abubuwa uku ne suka taru a kansa, kuma duk sanannu ne. Cunkoso ya kawo masa ƙwayar ko ya yawaita ta a iskar da yake shaƙa. Ciwon sukari yana ninka haɗarin kamuwa da tarin fuka sau biyu zuwa uku. Ƙarancin abinci kuwa yana sahun gaba cikin abubuwan da ke buɗe wa cutar ƙofa a duniya baki ɗaya. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ya taɓa ɗaukar ƙwayar, amma kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne kawai cutar ke tasowa a jikinsu, galibi lokacin da garkuwa ta yi rauni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 10.8 sun kamu a 2023, miliyan 1.25 sun rasu. A Janairun 2025 aka ɗora Baba a kan tsarin wata shida: wata biyu na farko da magunguna huɗu, isoniazid, rifampicin, pyrazinamide da ethambutol, sai wata huɗu da biyun farko. Aka haɗa masa da bitamin B6 don kare jijiyoyin ƙafa, aka gaya masa kada ya firgita in ya ga fitsarinsa ya yi ja.

Cikin mako shida zazzaɓi ya tafi, tari ya lafa, ya fara cin asida da marmari. A daidai lokacin ne labarin cewa Madani ta koma hannun soja ya sa 'yan gudun hijira suka fara ɗaure kaya, Baba ma hankalinsa ya koma kan shagonsa. Ga azumi ya ƙarato, an ɗauka ranar 1 ga Maris. Sai babban ɗansa, da ke aikin tuƙi a Jidda kuma shi ke turo kuɗin cefane ta manhajar banki ta Bankak, ya turo masa saƙon murya ta WhatsApp. Wani ne ke bayani da Larabci mai daɗi: wai wani likitan Japan ya ci Nobel don ya tabbatar da cewa in mutum ya yi awa 16 bai ci ba, ƙwayoyin jikinsa na juyawa su cinye cuta da daji da duk wani datti, kuma magungunan asibiti guba ne da ke hana wannan wanki.

Ɗan ya turo ne da kyakkyawar niyya, uban kuma ya karɓa da zuciyar mai son ibada da son komawa gida. Azumin Gadarif a watan Maris bai wuce awa 13 da 'yan mintoci ba, don haka Baba ya daina sahur domin ya cika awa 16. A buɗa-baki sai dabino da ruwa da ɗan hilu-mur, ya ture balila da adas. Magungunan tarin fuka da metformin ya zuba su a aljihun tsohuwar jallabiya. Bayan Salla ya ɗora da Sitta Shawwal, daga nan ya shiga yin kwana biyu, wani lokaci uku, da ruwa kawai, a cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Da aka kira waya ya ce ya ji sauƙi, yana shirin komawa Madani. A wannan lokaci mutane da dama sun koma garuruwansu da katinsu a hannu, saboda haka maganar ba ta yi kama da ƙarya ba.

Yadda ya dawo

A watan Mayu matarsa ta kawo shi a cikin raksha, babur mai ƙafa uku, ranar da ya yi tari jini ya biyo. Nauyinsa ya sauka zuwa kilo 43. Naman kafaɗa da na cinya ya zube, leɓe ya bushe, sukarin jininsa ya haura 300. Madubin ƙara girma na ɗakin gwaji ya nuna kakinsa cike da ƙwayoyin cutar, hoton ƙirji kuma ya nuna kogo a saman huhun dama. Mun duba da madubi ne ba GeneXpert kaɗai ba, domin ita na'urar tana iya ganin ragowar ƙwayar da ta riga ta mutu a jikin wanda ya taɓa shan magani. Abin da muka fi tsoro shi ne bijirewa. GeneXpert ba ta ga bijire wa rifampicin ba, muka yi hamdala, amma irin gwajin da muke da shi ba ya duba isoniazid, don haka aka sa masa ido sosai a gwajin kaki na watannin gaba. A ƙa'ida, wanda ya yanke magani wata biyu a jere ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya ɓace wa kulawa, kuma lissafinsa daga farko yake komawa. Makonnin da ya sha a baya sun tafi a banza.

Kwanakin farko aikin gaggawa ne. An yi masa ƙarin ruwa, aka sauke sukari da insulin, aka duba hanta da ƙoda kafin a mayar da magunguna huɗun, aka daidaita yawan ƙwaya da sabon nauyinsa. Abinci ma ba a cika masa kwano lokaci guda ba. Jikin da ya daɗe cikin yunwa, in aka antaya masa abinci mai sitaci kwatsam, sinadaran fosfet da fotashiyam na jininsa kan faɗi ƙasa har zuciya ta rikice. Sai aka fara da kaɗan-kaɗan sau da yawa, tare da bitamin B1, ana ƙarawa a hankali.

Amma duk wannan ba zai hana shi maimaitawa ba muddin yana ganin saƙon gaskiya ne. Na tambaye shi: "Baba, me ya sa ka ajiye maganin?" Ya ce: "Ɗana, ba ƙin maganarku na yi ba. An ce ilimi ne ya tabbatar, har kyauta aka ba mutumin. Ni kuma na ga addini ya zo da azumi, ilimi ya zo da azumi, to wane ne ni da zan tsaya a kan ƙwaya?" Ta inda aka hau ta nan ake sauka, sai muka kira ɗan nasa a Jidda, uban na ji. Tambayarsa ta farko ita ce wadda duk mai hankali zai yi: "To Nobel ɗin ƙarya ne?"

Abin da aka gano, da inda ya tsaya

Ba ƙarya ba ne. An ba da kyautar ne a kan abin da ake kira otofaji, wato hanyar da ƙwayar halitta ke bi ta tattara abin da ya tsufa ko ya lalace a cikinta, ta narkar, ta sake amfani da shi. Wata 'yar fata mai ruɓi biyu ce ke tsirowa a cikin ƙwayar, ta lanƙwashe ta kewaye furotin da ya dunƙule ko wani sashe da ya gaji, ta rufe ta zama jaka. Jakar sai ta haɗe da lisosom, wata jaka mai tsami cike da sinadaran narkarwa. Abin da ya fito, amino asid (tubalan gina furotin) da mai da sukari, ya koma cikin ƙwayar a sake gini da shi. Christian de Duve, ɗan Beljiyam, shi ya gano lisosom a 1955, shi kuma ya raɗa wa wannan aiki suna a 1963. Daga nan aka yi kusan shekara talatin ana ganin jakunkunan a madubi ba a san abin da ke sarrafa su ba.

Yoshinori Ohsumi ne ya warware wannan, kuma ba a jikin mutum ya yi ba. Da yis ya yi, irin wanda ake kwaɓa fulawa da shi. Ya ɗauki yis da aka kashe wa sinadaran narkarwa, ya hana shi abinci, sai ya ga jakunkunan sun taru sun cika cikinsa har ana ganinsu da madubin ɗakin gwaji na yau da kullum. Ya wallafa wannan a 1992, a 1993 kuma ya fitar da ƙwayoyin gado 15 da aikin ba ya yiwuwa sai da su. Daga baya aka ga makamantansu a jikin ɗan Adam. A kan wannan aka ba shi Nobel a 2016. Ba a ba shi don binciken azumin Ramadan ba, ba a ba shi don ya warkar da mai tarin fuka ko mai daji da yunwa ba, kuma awa 16 ɗin nan ba ta fito daga gwajin da ya ci kyautar ba. Har yau babu wani gwaji mai sauƙi da likita zai yi wa mai rai ya ce ga yawan otofajin da ke gudana a huhunsa ko hantarsa.

Gaskiya ne yunwa na ƙara wa otofaji ƙarfi. Akwai sinadari mai suna mTOR da ke danne shi in amino asid ya wadata, akwai AMPK da ke tada shi in makamashi ya yi ƙasa. A ɓeraye an ga ya ƙaru a gaɓoɓi da dama bayan yunwar awa 24 zuwa 48, sai dai ɓera a cikin kwana biyun nan yana zubar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, abin da ya nuna yunwar ɓera da ta mutum ba ma'auni ɗaya ba ne. Kuma aikin ba ya jiran yunwa kafin ya fara. Jikin baligi yana rushe furotin giram 200 zuwa 300 kowace rana ya sake ginawa, alhali abin da yake ci galibi kusan giram 70 ne, otofaji kuwa na ɗaya daga cikin manyan hanyoyi biyu na wannan juyi. Wani bincike na 2004 a Japan ya nuna asalin amfaninsa a lokacin yunwa: jariran ɓera da aka cire wa ƙwayar gado Atg5 suna mutuwa cikin yini guda da haihuwa, domin ba sa iya cike giɓin da ke tsakanin yanke cibiya da kankamar nono. Wato dabara ce ta tsallake ɗan lokaci kafin abinci ya iso.

Na ce wa Baba: "Kai tela ne. In babu yadi, ka kan farke tsohuwar riga ka fitar da ta yaro. Haka jiki ke yi." Ya yi shiru, sannan ya ce: "In yadi bai zo ba har tsofaffin suka ƙare fa, sai ta jikinka." Ya fahimta fiye da yadda na yi bayani. Kilo takwas ɗin da ya rasa yawancinsu tsoka ce da kitse, har da tsokar da ke ɗaga ƙirji a yi numfashi a yi tari. Tarin fuka da kansa yana cin naman jiki, sukarin da ba a riƙe ba yana zubar da makamashi a fitsari, shi kuma ya ƙara musu yunwa a kai.

Inda saƙon ya fi kusantar gaskiya, kuma inda ya fi haɗari, shi ne batun cinye ƙwayar cuta. Ƙwayar tarin fuka tana shiga huhu sai wata farar ƙwayar jini mai suna makrofaj ta haɗiye ta. Ga sauran ƙwayoyi wannan ƙarshensu ke nan, domin jakar da aka haɗiye su a ciki za ta haɗe da lisosom. Ita ta tarin fuka tana hana wannan haɗuwa, ta zauna daram a cikin wanda aka aiko ya kashe ta, tana rabuwa biyu duk bayan awa 15 zuwa 20. A 2004 ɗakin binciken Vojo Deretic a Jami'ar New Mexico ta Amurka ya nuna cewa in aka tada otofaji a cikin makrofaj, ana iya naɗe jakar ƙwayar gaba ɗaya a kai ta lisosom da ƙarfi, yawan masu rai ya ragu. Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka tada shi kuwa ita ce yunwa. To amma yunwar me? Ƙwayoyin halitta ne a cikin faranti, aka janye musu amino asid na 'yan awoyi. Ba mutum ba ne mai kogo a huhu da sukari 300 a zafin Gadarif. Ɗaya hanyar da suka bi ita ce interferon-gamma, saƙon da ƙwayoyin garkuwa na T ke aika wa makrofaj, kuma waɗannan ƙwayoyin T suna cikin waɗanda ke raunana in mutum ya rasa furotin. Yunwar da ke tada otofaji a faranti ita ce ke kashe babbar hanyar tada shi a jikin majinyaci.

Masu binciken kansu ba su gama daidaitawa ba. A 2012 an nuna cewa ƙwayar na huda jakarta da wani tsari mai suna ESX-1, kuma ta wannan hudar ce makrofaj ke gane ta, ya yi mata tambari da furotin ubiquitin domin otofaji ya ɗauke ta. A 2015 wani ɗakin bincike a St. Louis ya cire ƙwayoyin gadon otofaji ɗaya bayan ɗaya a ɓeraye masu tarin fuka, sai aka ga Atg5 kaɗai ne rashinsa ke kashe su da wuri, kuma kumburin huhu ne ke kashe su saboda cunkoson fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil. Wannan ya sa aka yi shakkar ko otofaji na da girman da aka ba shi. Binciken da suka fito a 2023 sun dawo masa da wani ɓangare na martabarsa. A ganina wannan ja-in-ja alamar ilimi mai rai ce, amma ba abin da za a ɗora ran dattijo a kai ba ne. Kuma ba kowace cuta ce ke tsoron otofaji ba. Ƙwayar zazzaɓin dengue, da ta addabi Gadarif a 2023, tana tada shi da kanta domin ya narka mata kitsen da ke cikin ƙwayar halitta ta samu makamashin hayayyafa. Daji ma haka: a farko otofaji na taimakawa wajen hana shi tasowa, amma in ƙari ya kafu yana amfani da shi ya jure yunwa da magani.

Abin da ya fi girgiza ɗan nasa shi ne batun cewa magani na hana wankin. A 2012 masu bincike a Koriya ta Kudu sun nuna cewa isoniazid da pyrazinamide, biyu daga cikin huɗun da Baba ya zuba a aljihu, suna tada otofaji a cikin makrofaj mai ɗauke da cutar, kuma hakan na cikin abin da ke ƙara musu tasiri. Metformin da ya ajiye kuwa yana tada AMPK, kuma wani bincike na 2014 a Singafo ya nuna yana rage cutar a ɓeraye. Ke nan abin da yake nema da yunwa yana cikin ƙwayoyin da ya ƙaurace wa, tare da abin da yunwa ba za ta taɓa yi ba, wato kashe ƙwayar cutar kai tsaye.

Likitoci sun gwada bin wannan hanya a jikin mutane, kuma sakamakon ya koya mana tawali'u. Bitamin D na tada otofaji a faranti, amma da aka ba yara 'yan makaranta fiye da 8,800 a Mongoliya, rabi bitamin rabi holoƙon ƙwaya marar magani a ciki, tsawon shekara uku, rahoton 2020 ya nuna bai rage kamuwa ba. Rapamycin na tada shi da ƙarfi, amma magani ne mai danne garkuwa, wanda ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Abin da ya yi aiki a fili shi ne abinci. A jihar Jharkhand ta Indiya an yi gwajin RATIONS, aka wallafa a 2023: an riƙa ba mutanen gidan mai tarin fuka abincin da ya kai kalori 750 da furotin giram 23 a rana, sai sabbin kamuwa suka ragu da kashi 39 zuwa 48 cikin ɗari. Shinkafa da wake ne, ba wani abin mamaki ba. Ni dai a duk abin da na karanta a wannan fage, babu sakamakon da ya fi wannan dacewa da halin da mutanenmu ke ciki a Gadarif.

Ɓangaren addini ban taɓa shi da kaina ba, don ba fagena ba ne, kuma Baba ba zai karɓa daga bakina ba. Wan matarsa ya ɗauko limamin masallacin unguwa. Baba ya ce: "Allah gafarta Malam, ni lada nake nema da lafiya." Malam ya karanto masa aya ta 184 da 185 na Suratul Baƙara, inda aka ba mara lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki. Ya tuna masa cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwaɗaitar da sahur, ya kuma hana wisali, wato haɗa kwana da kwana ba buɗa-baki. Ya ce masa abin da ya yi bayan Sitta Shawwal ba azumin shari'a ba ne, kuma barin magani har ya sa wa jikokinsa cuta hakki ne a wuyansa. Wannan magana ta ƙarshe ce ta sa idon Baba ya kawo ruwa.

Ba na cikin masu cewa azumi illa ne. Mai lafiya yana yin Ramadan lafiya lau, masu ciwon sukari da yawa ma suna yi bisa shawarar likita, da sharaɗin su karya in sukari ya faɗi ƙasa da 70 ko ya haura 300. Maganin tarin fuka sau ɗaya ake sha a yini, da ciki ba abinci, saboda haka wanda jikinsa ya yi ƙarfi kuma likita ya yarje masa yana iya sha kafin sahur. Matsalar Baba ita ce an sayar masa da yunwa a matsayin madadin magani, a lokacin da jikinsa ke buƙatar ƙari ba ragi ba. Shawarar da na ba abokan aikina bayan wannan lamari ita ce, duk wanda maganinsa zai ratsa Ramadan a zauna da shi tun a Sha'aban, a tambaye shi abin da ya ji a waya, a kuma karɓi lambar wani a gidan da ba shi ba.

Yadda ta kaya

Matarsa ta karɓi aikin sa ido. Kullum da asuba takan miƙa masa ƙwayoyin ta tsaya har ya haɗiye, ta yi alama a kati. Ɗan da ke Jidda ya ware wani abu cikin kuɗin wata domin ƙwai da madara da adas da dakwa, ya kuma nemi a tura masa bayanin a rubuce ya sa a zauren WhatsApp ɗin da saƙon ya fito. Godo-godo da Baba ke so an bar masa, ba sukari, kofi ɗaya. An ci gaba da insulin a watannin farko, daga baya aka mayar da shi kan metformin. Ba a ba shi glibenclamide ba, domin rifampicin na sa hanta ta yi saurin kawar da shi. Kakin ƙarshen wata na biyu ya nuna 'yan ƙwayoyi kaɗan, hankalinmu ya tashi, aka sake GeneXpert ba a ga bijirewa ba. Na wata na uku ya fito fes, haka na biyar da na shida. Ya kammala da nauyin kilo 55.

Bai fita ba tabo ba. Kogon ya warke da tabo, kuma har yanzu numfashinsa na sama-sama in ya yi tafiya mai nisa ko ƙura ta tashi, abin da bai kasance ba a zagayen farko. An gaya masa duk ranar da ya sake ganin jini ko tari ya wuce mako biyu ya dawo, don wanda ya taɓa yi yana cikin haɗarin sake yi, kuma tabon huhu kan zama mazaunin wasu cututtuka. An tantance mutanen gidan duka. Wata 'yar wan matarsa mai shekara 19 ta fito da cutar, aka ɗora ta a kan nata wata shidan. Jikoki biyu 'yan ƙasa da shekara biyar ba su nuna alama ba, aka ba su maganin rigakafi. Da zai koma Madani an rubuta masa takardar miƙa kulawa mai ɗauke da sakamakon gwaje-gwajensa da adadin metformin da yake sha, yarinyar kuma ta zauna a Gadarif har ta gama nata maganin.